Kalmar Sirrin Rokeya Chachi

Da mahaifiyata, wadda muke kira Amma, ta zame a bakin famfo ta karye a ƙugu, likita ya ce ta manta da hawa bene sai abin da hali ya yi. Aka sauko mata da gado ɗakin baya na ƙasa, inda a da muke ajiye buhunan shinkafa. Ni ina Khulna, inda nake aikin gwajin jini a wani asibiti, kuma ban samu hutun kirki ba sai da sanyi ya shigo. Na bar wa mijina Anisur yara, na hau motar garinmu Jashore da tsohuwar laftof ɗina a jaka.

Amma ta rame, sai dai bakinta na nan yadda na san shi. Abba ne ya ba ni tsoro.

Tun ina ƙarama Amma ce ke yi wa matan unguwa zanen da suke bi in za su ɗinka kantha, wato bargon da ake yi da tsofaffin zannuwa. Mace za ta tara tsofaffin sarinta, dogayen zannuwan da matanmu ke naɗawa, ta jera su, ta zo wurin Amma ta zaɓi kifi ko furen bado ko ɗawisu ko kwalekwale, ta kwafa a jikin yadin, sannan ta bi da zare. Da Abba ya yi ritaya daga gidan waya, sai ya ɗauki aikin shigar da zanen nan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya a ɗakinsa na saman rufi, inda babbar kwamfutarsa da firinta suke. Kafin faɗuwarta Amma da kanta take hawa ta zaɓa ta buga. Yanzu kuwa Abba ya zama ɗan aike. Tana kwance za ta ce masa badon nan mai karkataccen ganye, wanda ta yi wa 'yar Monowara. Ya hau ya bugo, ta duba ta ce ba shi ba ne, ya sake hawa. Ranar da na iso na hango shi a tsakiyar matakala ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, idonsa a rufe, yana jiran gwiwarsa ta sake shi. Bai san na gan shi ba, ni ma ban nuna ba.

Na ce a sauko da kwamfutar ƙasa mana. Ya ce damshin ƙasa ya taɓa kashe masa talabijin, ba zai ba shi kwamfuta ba, kuma duk mai son sauko da ita sai ya haɗa da shi ya ɗauko. Na san gaskiyar maganar. Ɗakin nan ne kaɗai wurin da ya rage masa a gidan, can yake karanta jarida, can yake shan hantsi.

Sai na kawo tawa dabarar. Laftof za ta zauna a gadon Amma, ta buɗe foldar zanen da ke kwamfutar sama ta wayfay, ta ga abinta da idonta, ta danna, firinta ta buga a sama. Shi kuma Abba ya zuro takardar a kwandon da muke zura wa masu tallan kayan miya, tunda tagar Amma tana ƙarƙashin rufin. Anisur ya ce mini a waya kafin shayi ya huce na gama.

Da safe na zauna aikin. Laftof ta hau wayfay ɗin gidan ba gardama, kwamfutar Abba ma intanet ɗinta lafiya lau, ga jaridarsa a buɗe. Sai dai da na nemi kwamfutar Abba daga laftof, babu ita babu alamarta. Na kashe akwatin wayfay da ke falo na kunna. Na kashe kwamfutocin na kunna. Na hau sama na buɗe wa foldar izinin rabawa, na sauko na duba, shiru. Na sake hawa na gaya wa kwamfutar cewa a gida take, ba a bainar jama'a ba, don ta daina ɓuya. Na sauko na yi wa laftof haka. Har tsaron da ke hana baƙi shiga na kashe na ɗan lokaci, ko shi ne ke tare hanya. Duk a banza.

Abba yana zaune a bayana da mayafinsa na ulu, yana ba ni shawara irin ta gidan waya. Ya ce a zamaninsu in saƙo bai isa ba, ba a zargin jaka, adireshi ake dubawa. Na ce masa wannan ba wasiƙa ba ce. Daga ƙasa Amma ta ɗaga murya ta ce da ta san haka ne da ba ta kira ni ba, yanzu masu hawa da sauka sun zama biyu, kuma har yanzu ba ta ga kifi ko ɗaya ba.

"Uwata, bar shi haka," in ji Abba da azahar ta yi. "Ƙafata ba ta kai ƙara wurin kowa ba."

Na ce masa ni ta kawo wa ƙara. Ya yi dariya ya sauka alwala, yana taka matakalar a karkace.

Washegari na kira Anisur a lokacin hutunsa na rana, na lissafa masa duk abin da na yi. Ya ce in duba lambar adireshin da akwatin wayfay ya ba kowace kwamfuta, in daga akwati ɗaya suke, farkon lambobin zai zama iri ɗaya. Ban gaya masa surukinsa ya riga shi faɗin haka ba. Na duba ta laftof, na hau na duba ta Abba. Sun sha bamban. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi, na danna 'yar alamar wayfay da ke kusurwar allon Abba. Namu akwatin sunansa wasu haruffa ne da lambobi na kamfani. Wanda kwamfutar Abba take kai kuwa sunansa Shiuli.

Na tambayi Abba wane ne Shiuli. Ya matso da tabarau ya karanta, sai ya koma kujerarsa ya zauna. Ta taga ina ganin bishiyar furen nan da ake kira shiuli ta gidan bayanmu, rassanta sun leƙo kan katanga. Ban buƙaci amsa ba kuma.

Gidanmu da na Shamsul Chacha baya da baya suke. Rufinsu da namu ɗan gajeren gini ne ya raba, amma ƙofarsu a wani layin take, in za ka je sai ka zagaya ta bakin kududdufi da kasuwar kifi. Shamsul aminin Abba ne tun suna samari, shi ya sa muke ce masa Chacha, wato baffa, matarsa kuma Chachi. Kullum da la'asar zai tsallako ginin nan da faifan dararsa mai sarki da dawaki a hammata, su buga suna zagin juna har magariba. Bara zuciyarsa ta tsaya yana hanyar dawowa daga masallaci. Ya bar matarsa Rokeya Chachi ita kaɗai, ɗansu yana aiki a Malesiya.

A hankali Abba ya ba ni labari. Wata damina tsawa ta ƙona mana akwatin wayfay, Shamsul ya tsallako ya ce kada ya zauna yana ƙunci kamar akuyar da ruwa ya daka, ya sa masa nasu da hannunsa. Daga baya kamfani ya kawo sabon akwati aka sa a falo, wayoyi duk suka koma kansa. Kwamfutar sama kuwa ba wanda ya taɓa ta, kullum in an kunna sai ta kama wanda ta saba. Abba ya ɗauka duk abu ɗaya ne.

Na ce ai gyaran mai sauƙi ne, na mayar da kwamfutar kan namu. Nan wata matsalar ta fito. Akwatinmu yana falo, tsakaninsa da ɗakin sama akwai rufin siminti da bango mai kauri. Sanda ɗaya tak ta fito a alamar, ita ma tana zuwa tana tafiya. Laftof ta hango kwamfutar Abba na ɗan lokaci, har na fara murna, kafin foldar ta buɗe ta sake ɓacewa. Anisur ya ce sai dai a ja waya daga falo zuwa sama, ko a sayi wani akwatin ƙari. Na ce zan nemi mai yi kafin hutuna ya ƙare.

Hankalin Abba ba ya nan. Abin da ya dame shi shi ne ya daɗe yana cin abin gidan marainiyar Allah ba da saninta ba. Ya ce dole ya je ya faɗa mata da bakinsa. Amma ta dube shi daga gado ta ce tun addu'ar arba'in bai taka gidan ba, kullum sai ya ce gobe. Ya ce ai bai san me zai ce mata ba.

"To ga abin faɗa Allah ya ba ka, Baban Dilu," in ji ta, tana kiransa da sunana. "Ka sa farar rigarka, wannan ta yi warin man zafi."

Da safe muka tafi tare, Abba riƙe da ɗan tulun mazarƙwailar dabino sabuwar dahuwa. Rokeya Chachi ce ta buɗe mana da kanta. Ta ƙanƙance cikin farin sari, gashinta ya yi fari fat. Ta rungume ni tana cewa Dilruba ce ta zama haka, sannan ta ja mayafi ta gaida Abba, wanda take kira Mofiz Bhai, wato yaya Mofiz. A falo faifan darar yana kan kabad an lulluɓe shi da ƙyalle. Abba ya zaɓi kujerar da ta ba shi baya.

Ya yi bayaninsa tiryan-tiryan kamar mai ba da rahoto a ofis, ya ƙare da neman gafara, ya ce jiya 'yarsa ta cire kwamfutar, ba za a sake ba.

"Ashe ku kuka cire," in ji Chachi. "Yau da asuba na duba ban gan ka ba, Mofiz Bhai. Har na sa takalmi zan zagayo, sai na jiyo tarinka ta kan rufi, na koma na zauna."

Muka dubi juna ni da Abba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wayarta, ta buɗe wani wuri da ke nuna duk na'urar da ke kan wayfay ɗin gidan. Ta ce da ɗanta ya zo ta'aziyya ya ga baƙuwar kwamfuta a ciki, ya ce wani ne ke musu sata, zai canza kalmar sirri. Ta ce ya karanta mata sunan. Ya karanta: Mofiz Mai Taurin Kai. Shamsul ne ya raɗa wa kwamfutar tun ranar da ya haɗa ta, Abba bai taɓa sani ba. Ta hana yaron taɓa komai, ta sa ya koya mata inda za ta riƙa dubawa.

Ta ce gidan ya yi mata girma. In ta idar da sallar asuba ba motsin kowa, sai ta zauna da wayar a cinya. Can sai sunan ya fito, ta san Abba ya hau sama ya kunna kwamfutarsa, ta san Hasna, wato Amma, ta kwana lafiya tunda har ya iya barinta. Sai ta tashi ta ɗora ruwan shayi. Ranar da Amma ta faɗi, sunan bai fito ba, da haka ta san wani abu ya faru tun kafin labari ya zagayo layinsu.

Abba ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Da ya buɗe baki, cewa ya yi: "Mai taurin kai. Shi da ko an ci sarkinsa sai ya ce a sake lissafi." Chachi ta rufe baki da mayafi tana dariya, hawaye na bin kuncinta. Daga nan suka shiga labarin Shamsul, ɗaya na tuna wa ɗaya, ni ina cin gugurun shinkafa da mazarƙwailar da muka kawo.

Ina zaune sai wani tunani ya zo mini. Ɗakin da Amma take kwance shi ne na ƙarshe a gidanmu, bangonsa ɗaya da na su Chachi. Na tuna jiya da nake duba jerin sunaye a laftof na ga Shiuli da sandunansa a cike, har ya fi namu ƙarfi a ɗakin. In kwamfutocin biyu suka hau Shiuli, ba sai an ja waya ba. Na faɗa musu ina ɗari-ɗari, don ban san yadda Abba zai ɗauka ba. Kafin ya ce uffan Chachi ta ce haka za a yi, dama ita kaɗai ba ta cinye ko rabinsa, kuma in Mofiz Bhai ya kawo maganar biya to ya ɗauki tulunsa ya tafi.

Na ciro wayata na ce ta faɗa mini kalmar sirrin. Ta sunkuyar da kai. Na ɗauka mantawa ta yi, na ce ko mu tambayi ɗanta. Ta ce ta sani sarai, faɗa ce ba za ta yi ba. Na ce to ta rubuta mini. Ta ce rubutun ma a'a. Kunnuwanta sun yi ja kamar na amarya.

"Wani suna ne da yake kirana da shi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Zan zo in sa da hannuna."

Da la'asar na tare mata keke mai ƙafa uku muka zagayo tare. Sau ɗaya ta zo duba Amma tun faɗuwar, ita ma ranar gidan cike yake da mutane. Da ta shiga ɗakin, Amma ta miƙa hannu biyu ta kira ta da sunan da ake kiran matar yaya, ta ce, "Bhabi, sai da kwamfuta ta kira ki?" Chachi ta zauna a bakin gado ta ce ita ma Hasna ai sai da ƙugu ya karye ta koyi zama wuri ɗaya.

Na ɗora mata laftof a cinya. Ta ce kowa ya juya. Ni na fuskanci taga, Abba ya fita tsakar gida gaba ɗaya, Amma ta rufe ido da tafin hannu amma ta bar 'yar kafa tsakanin yatsu, sai da Chachi ta make mata hannu. Da yatsa ɗaya ta danna, harafi bayan harafi, tana motsa leɓe. Karon farko ta yi kuskure. Na biyu ya shiga.

Na hau sama na mayar da kwamfutar Abba kan Shiuli, ita dama ba ta manta kalmar ba. Na sauko na gaya wa laftof cewa nan ma gida ne. Na mayar da tsaron da na kashe. Sannan na buɗe wurin neman kwamfutoci, muka zuba ido mu uku. Ta ɗan yi juyi, sai ga sunan ya fito. Amma ta karanta shi da ƙarfi yadda Abba zai ji daga tsakar gida, ta ƙara da cewa Allah ya jiƙan Shamsul Bhai, bai taɓa yin ƙarya ba.

Foldar ta buɗe, zanen ya cika allo. Amma tana bi da yatsa, tana wuce kifayenta da tsuntsayenta. Ta tsaya a kan badon mai karkataccen ganye, ta ce ga shi nan a fili, mutumin nan sati guda yana nema. Na nuna mata inda za ta danna. Muka kasa kunne, daga sama muka jiyo firinta ta yi kakarinta ta fara ja. Abba ya hau a hankali, jim kaɗan kwando ya sauko a bakin taga yana lilo da takarda a ciki, da lemon tsami biyu da ya tsinko a tukunyarsa ta kan rufi.

Chachi ba ta tafi ba sai dab da magariba. Tana shirin tashi ta ce da Amma akwai abin da ta daɗe tana son tambaya. Zannuwan Shamsul na ɗaurawa suna nan cikin akwati, sun yi laushi don wanki, ta kasa bayarwa ta kuma kasa dubansu. Ko za su yi kantha? Amma ta ce in an haɗa da tsohon sari ɗaya ko biyu a tsakiya za su yi, har sun fi ɗumi. Ta jawo laftof ta fara nuna mata zane. Chachi ta ce ba ta son ɗawisu, ya cika ado, Shamsul zai yi mata dariya. Suka tsaya a kan wani ɗan kwalekwale da mutum ɗaya a ciki yana riƙe da sanda.

Ranar da zan koma Khulna na koya wa Amma abin da za ta yi in kwamfutar sama ta ɓace: ta fara tambayar Abba ko ya kunna ta, sannan ta duba ko laftof tana kan Shiuli. Ta maimaita mini har na tabbata ta riƙe. Abba ya rako ni tasha, yana ta ƙorafin cewa yanzu firinta ba ta hutawa, tawada za ta ƙare.

Bayan wata biyu Amma ta fara takawa da sanda, amma bene har yau ba ta hawa. Chachi ta yi ciniki da wani mai keke yana kawo ta bayan azahar, ta zauna a bakin gadon Amma da ɗinkinta har la'asar ta yi sanyi. Da na kira ran Juma'ar nan, Amma ta ce an gama kwalekwalen, saura ruwan da ke ƙarƙashinsa, kuma suna gardama a kan ko shuɗin zare za a sa ko kore. Ta miƙa wa Chachi wayar don in raba su. Na ce shuɗi. Na ji Amma daga gefe tana cewa dama ni ban taɓa sanin kala ba.